Ya Tuba Daga Shan Giya, Sai Kuma Me?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Babu Musulmin da ke jayayya a kan haramcin giya. Shi kansa mashayin, ka tare shi a ƙofar mashaya ka tambaye shi, zai ce maka haramun ce, wataƙila ma ya kawo maka aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Saboda haka darasin yau ba na kafa hujja ba ne. Magana ce a kan abin da ke biyo bayan tuba: mutum ya ji wa'azi, ya yi kuka, ya yi rantsuwa, an yi masa kabbara an watse. Gari ya waye hannunsa na karkarwa, ba ya iya riƙe kofin shayi, kuma babu kowa kusa da shi. A nan ne muke asarar mutane da yawa, kuma a nan ne wa'azinmu ya fi yin shiru.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Kada kuma wani ya ce ai wannan matsalar wasu ce. Akwai ta a gidajen mutunci, akwai ta cikin masu sahun gaba, akwai ta cikin mata. Tun da aka fara ƙulla ta a 'yar leda da ƙananan robobi, wadda hukumar NAFDAC ta tashi hanawa a 2024, ba sai mutum ya je Sabon Gari ba, a aljihu yake yawo da ita.

Mu fara da yadda Allah Ya yi da sahabbai. Bai haramta musu giya a dare ɗaya ba. A Baƙara aya ta 219 an nuna musu cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Nisa'i aya ta 43 aka hana su kusantar sallah cikin maye, sai lokacin shan ya ƙuntata. Sannan a Ma'ida aka yanke. Nana A'isha (RA) ta bayyana, kamar yadda Bukhari ya kawo, cewa da hanin giya ne farkon abin da ya sauka da mutane sun ƙi bari, amma sai da aka gina zukata da ambaton Aljanna da wuta. Hukunci ya riga ya cika, babu wanda zai ce yau shi yana matakin Baƙara. Abin da muke ɗauka a nan shi ne, Mahaliccin ɗan Adam Ya san cewa abin da ya kama jiki da al'ada yana buƙatar shiri kafin a cire shi. Kuma ranar da aka yanke, jama'a ce ta bari tare. Anas (RA) yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha mai shela ya wuce, aka ce masa ya fita ya zubar, giya ta kwarara a lungunan Madina. Ba mutum ɗaya aka bari a ɗaki yana kokawa da kansa ba.

Kwanaki ukun farko

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya haddace, domin rai ne a ciki. Masu sha iri biyu ne. Akwai mai sha jefi-jefi, ranar biki ko ƙarshen mako. Wannan ya ajiye kawai, jikinsa ba zai yi masa tawaye ba. Akwai kuma wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, wanda in bai kurɓa da safe ba jikinsa ba ya daidaita. Shi wannan ƙwaƙwalwarsa ta saba da abin da ke danne ta, har ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki a ƙarƙashin dannewar. Ranar da aka cire giyar kwatsam, wutar nan ba ta da mai tare ta.

Cikin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe sai karkarwa, gumi, tashin zuciya, bugun ƙirji, fargaba. Cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan rikice gaba ɗaya: zazzaɓi, surutai, mutum bai san inda yake ba, yana ganin macizai da ƙwari a bango, yana jin ana kiransa. Wannan matakin yana kisa idan ba a kai asibiti ba.

To mu me muke yi? Sai a ce aljanu ne suka ji haushi ya tuba. A kulle shi a ɗaki, a kunna hayaƙi, a danne shi ana ruƙiyya har asuba. Jama'a, ku ji tsoron Allah. Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, ku yi masa, amma ku yi ta a mota kuna hanyar asibiti, ku ƙarasa ta a gefen gadonsa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarce mu da neman magani. A asibiti akwai allurai da ƙwayoyin da ke riƙe ƙwaƙwalwa na 'yan kwanaki, ana rage su a hankali har guguwar ta wuce. Ba abin da za a saya a kemis a yi a gida ba ne, domin su ma suna kama mutum in an yi wasa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Na san Shaiɗan zai ɗauki wannan magana ya kai wa wani, ya ce masa ka ji Malam ma ya ce kada a daina farat ɗaya. Ban faɗa ba. Na ce tuba yau, asibiti ma yau. Wanda ya tsorata da karkarwa sai ya hanzarta wajen likita, ba wajen mai sayarwa ba. Da Ɗariƙ bn Suwaid ya ce wa Annabi (SAW) don magani yake haɗa giya, an amsa masa cewa ita kanta cuta ce, hadisin yana Muslim.

Gidajen mari kuwa, inda ake sa wa mutum sarƙa a yi ta jibga, duk mun ga abin da aka fito da shi a Kaduna da Daura a 2019. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta taɓa abin da ke jan ƙafar.

Cikin da aka daɗe ana zalunta

Mashayi mayunwaci ne ko da yana da teɓa. Giya tana ba jiki zafi da ƙarfi na ƙarya, kowane giram ɗaya na sinadarinta yana ɗauke da kalori 7, kusan ninki biyu na sukari, amma babu abin gina jiki a ciki. Sai ta toshe masa ci. Ɗan abin da ya ci kuma hanjinsa ba ya tsotsewa da kyau, wanda aka tsotsa hanta ba ta iya ajiyewa, saura kuma ya fita a fitsari. Shekaru ana haka.

Mafi haɗarin abin da yake rasawa shi ne bitamin B1, wanda ake kira tayamin. Ƙwaƙwalwa ba ta iya amfani da sukari sai da shi, kuma ajiyar da jiki ke yi masa ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku. Idan ya ƙare sai ka ga mutum ya rikice, yana tangaɗi alhali bai sha komai ba, idanunsa na rawa ko yana ganin abu bibbiyu. Wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya siffanta wannan tun 1881. In an yi sauri allura tana gyara shi. In an yi jinkiri sai ya zarce zuwa mantuwa ta dindindin: ka gaya masa abu yanzu, bayan minti biyar babu, sai ya riƙa cike gurbin da labaran da ba su faru ba, iyali su ce ƙarya ta ƙaru. Ba ƙarya yake ba, wurin ajiyar ne ya lalace. Don haka duk wanda ya raka mashayi asibiti ya buɗe baki ya faɗa wa likita gaskiyar yawan shansa da daɗewarsa. Likita yana buƙatar sanin haka tun kafin ya ɗaura masa ruwa mai sukari, domin ya haɗa masa da tayamin. Kunyar da za ta sa ka ce "zazzaɓi ne kawai" tana iya cinye ƙwaƙwalwar ɗan uwanka.

Akwai kuma wata da ta shafe mu musamman, mu masu tuwon masara dare da ɗumame da safe. Mashayin da abincinsa masara ce zalla yana iya rasa bitamin B3. Alamarta fatar wuya da bayan hannu, inda rana ke duka, ta yi baƙi ta yi kaushi, ga gudawa, ga ruɗewa. Sai a ce sammu ne. Gyaɗa da wake da kifi suna maganin wannan rashi.

Alhamdu lillahi, abincin da ake buƙata ba na kanti ba ne. Yana bakin titi da tukunyar gida. Wake ta kowace fuska: ƙosai, alale, ɗanwake, fate, garau-garau. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi. Awara. Ƙwai. Kifi ko busasshe ne. Nono da kindirmo. Gero da dawa, kuma a rage tsananta surfe, domin yawancin alherin yana jikin dusar da muke ba awaki. Shinkafar gida da aka turara ta fi fara tas ɗin nan riƙe tayamin. Ganye kuma a yawaita: zogale, alayyahu, rama, kuka, ugu. Kwaɗon zogale da ƙuli, ko miyar taushe da ta ji kabewa da gyaɗa, wallahi ba abin rainawa ba ne ga mai farfaɗowa. Sai ayaba, lemo, gwanda, kankana, gwargwadon hali da lokaci.

Yadda ake ci ma yana da muhimmanci. Makon farko ba zai iya cinye kwano ba, kada a matsa masa. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Kunun gyaɗa da safe, ƙosai da hantsi, haka dai. Wanda ya rame sosai, ya daɗe ba ya ci, shi kam a bar likita ya tsara masa, domin ɗura wa irinsa abinci da yawa lokaci guda yana da nasa haɗarin. Kuma kada ya kwana da yunwa, ko fura ce ya sha kafin ya kwanta. Hantar da ta gaji ba ta da ajiyar sukarin da za ta kai shi safiya.

Wannan ya kawo mu kan azumi. Sabon tuba yana da zafi, sai ka ji ya ce zai riƙa Litinin da Alhamis, wani ma azumin Annabi Dawud. Niyya ta yi kyau, amma a makonnin farko ina ba shi shawara ya dakata da nafila. Yunwa tana cikin manyan ƙofofin da sha'awar giya ke shigowa. Masu wannan fama a ƙasashen waje sun daɗe da lura da abubuwa huɗu da ke kayar da mutum: yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya. Ya ci ya ƙoshi ya samu sallar jam'i sau biyar, ya fi masa azumin da zai ƙare a mashaya bayan magariba. In jiki ya dawo, azumi garkuwa ne, ya yi. Ramadan kuwa, in likita amintacce ya ce hantarsa ko halin da yake ciki ba zai ɗauka ba, rangwamen mara lafiya da ke Baƙara ya haɗa da shi, ya rama daga baya.

Zai ji yana son zaƙi sosai, wannan sananne ne. Dabino da 'ya'yan itace sun fi lemon kwalba. Maltina da ire-irenta halal ne, amma wanda riƙe kwalba mai sanyi ke tuna masa da wancan zama, ya bar ta tukuna. Barci zai yi masa wuya na makonni, wani har watanni, don haka a rage Nescafé da goro da shayi mai kauri daga la'asar. Kunun zaƙi ko fura da suka kwana biyu cikin zafi har suka fara kumfa da tsami mai kaifi, a zubar. Ibn Abbas ya ruwaito cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Annabi (SAW) ba ya wuce yammacin kwana na uku.

Hanta kuwa Allah Ya yi mata haƙuri. Matakin farko kitse ne ke taruwa a cikinta, wannan yana washewa cikin makonni in an daina. Na biyu kumburi. Na uku ta ƙanƙance ta yi tabo, wannan ba ya komawa, amma dainawa tana tsayar da shi ta ƙara kwana da izinin Allah. A yi gwajin hanta, a haɗa da na ciwon hanta nau'in B, domin yana da yawa a ƙasarmu, kuma shi da giya in sun haɗu gobara ce da iska. Ido ya yi rawaya, ciki ko ƙafa sun kumbura, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta: asibiti nan take. Mai kumburin ciki ya rage gishiri da magi. A guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. A daina shan farasitamol barkatai. Sai kuma masu jiƙe-jiƙen "wankin hanta" a tasha da lasifika: wasu a cikin ogogoro ake jiƙa su. Ka tambayi da me aka jiƙa kafin ka kai baki. Haka wanda ya bar kwalba ya koma tiramol ko kodin ko wiwi, ɗaki ya canza, gidan bai canza ba.

Wa zai riƙe shi?

Bukhari ya kawo daga Umar (RA) labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, ana masa laƙabi da Himar, yana ba Annabi (SAW) dariya. An sha kawo shi a kan giya ana masa haddi. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi. Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wani hadisin na Abu Huraira, da aka yi wa wani mashayi addu'ar wulaƙanci, ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwansu. Ku duba fa: an tsayar da hukunci, amma ba a kore shi daga majalisi ba. Mu kuma yau ba mu da ikon haddi, sai muka riƙe tsinuwar da aka hana.

Shaiɗan yana da wata ƙofa ta ilimi rabi. An ce wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, sai ya ce to me zai kai ni masallaci? Malamai sun bayyana cewa lada ne ake hana shi, wajibcin yana nan a wuyansa, barin sallar kuma ya fi shan girma. Hadisin da kansa ya ci gaba da cewa in ya tuba Allah Yana karɓa. Mashayin da ke zuwa sallah, liman ka riƙe shi hannu bibbiyu.

A Amurka, a 1935, a garin Akron, wani ɗan kasuwar hannun jari Bill Wilson da wani likita Bob Smith, dukansu mashaya, suka gano cewa in suna zama suna magana da juna suna iya haƙura. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta faro, yau tana ƙasashe da dama. Wani babban bitar bincike da aka fitar a 2020 ya nuna cewa tsarin nasu yana kai wa, har yakan zarce, wasu hanyoyin da ƙwararru ke bi wajen sa mutum ya daina gaba ɗaya. Musulmin Baltimore suka kafa tasu a 1989 mai suna Millati Islami, bisa tauhidi. Ba na cewa mu kwafo komai. Amma sirrin abin ai namu ne tun asali: wanda ya kashe mutum ɗari, malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya a cewa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya ce ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki.

Wani zai ce, Malam, ba an hana mutum tona asirin kansa ba? An hana. Abin da aka hana shi ne wanda Allah Ya rufa masa asiri da dare, ya wayi gari yana ba da labari don alfahari ko rashin kunya. Wanda ya faɗa wa likita, ko malami, ko amintattu biyu uku don neman mafita, wannan neman magani ne. Mutumin da ya afka wa iyalinsa da rana a Ramadan ai zuwa ya yi ya faɗa, aka ba shi mafita. Sharaɗin shi ne a taƙaita ga buƙata, kada zaman ya koma hirar daɗin da aka ji a da, kuma abin da aka ji amana ne. Wanda ya ɗauki sirrin mai tuba ya kai majalisa ko ya sa a WhatsApp, ya shirya amsa gaban Allah.

A aikace abin ba shi da tsada. Mutum uku ko huɗu a unguwa, in da hali a samu wanda ya taɓa sha ya shekara biyu ko uku da bari, domin shi ne ba a iya yi wa ƙarya, ya san duk dabarun. Su riƙa zama sau ɗaya a mako a wurin da ba za a sa musu ido ba. Mutum ɗaya ya yarda a kira shi ko ƙarfe biyun dare ne. Sha'awar giya tana tasowa ne ta yi ƙololuwa ta sauka, sau da yawa ba ta kai awa guda. Wanda ya samu abokin magana, ya yi alwala, ya ci wani abu, ya taka zuwa wani wuri, sai ta wuce. A san lokutansa masu haɗari: tsakanin magariba da sha ɗayan dare, ranar albashi, ranar da suka yi faɗa da uwargida. A cike masa su. Karatu tsakanin magariba da isha'i, ƙwallo da yamma, rakiya kasuwa. Ya goge lambobin abokan sha, ya sauya hanyar dawowa gida. In ya amince, katin banki ya zauna hannun matarsa ko yayansa na wata uku. Likitoci kuma suna da magungunan rage sha'awar, a tambaya. Da yawa damuwa ce ko baƙin ciki mai nauyi ya kai su ga kwalba, in ba a yi maganin wannan ba za a yi ta zagaye. Wanda ya fara zancen gara ya mutu, kada a ce wasa yake, a kai shi a ranar.

Ke kuma baiwar Allah da ke aure da irin wannan, haƙurinki yana wurin Allah. Amma rufin asiri daban, gyara masa hanyar sha daban. Kada ki biya masa bashin mashaya, kada ki yi masa ƙarya a wurin aiki. Ranar da ya daina, gori ba zai ƙara masa komai ba. In kuma yana duka, ko yana tuƙa yara cikin maye, wannan ya wuce sirri, ki kai ga waliyyanki.

In ya koma fa? Da yawa suna komawa, wasu sau biyu sau uku kafin su tsaya. Hadisin bawan da ke zunubi yana istigfari yana komawa, Ubangijinsa Yana gafarta masa, yana Bukhari da Muslim. Abokansa su je su same shi washegari, kada su jira kunya ta riƙe shi mako guda yana ƙara nutsewa. A zauna a duba ta ina aka shigo: bai ci abinci ba ne, kuɗi ne suka shigo, wa ya kira shi? A toshe nan. Sai dai a kula, duk lokacin da aka sake yaye jiki daga giya karkarwa da jijjiga sukan fi na baya tsanani. Wanda ya taɓa faɗuwa a karon farko, karo na biyu kada a gwada shi a gida ko na dare ɗaya.

Allah Ya shirye mu Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.